Neman kalma: me za mu kira "turbo lag" da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum masana Hausa da masana inji. Ina shirya ɗan bayani a kan motocin gudu masu giyar hannu, sai na cije a wuri ɗaya. Ranar Asabar abokina ya ba ni motarsa Golf GTI na gwada. Na taka totur a giya ta biyu har allurar juyin inji ta kusa 6,000, motar tana manna ni da kujera. Na ɗaga ƙafa, na danna kulochi, na jefa ta uku, na sake takawa. Sai ƙarfin ya ɓace. Inji bai mutu ba, ƙararsa na nan, amma sai da na yi ƙiftawa biyu kafin motar ta sake fizgata. Turawa na cewa "turbo lag". Mu fa? Ni "giɓin giya" ne ya zo mini, ga shi da daɗin faɗi.

Bakanike: Oga, rufa mana asiri. Ka shigo gareji ka ce motarka na da giɓin giya, kafin ka gama gaisawa yarana sun sauke giyar suna neman haƙorin da ya karye. Giya haƙora gare ta, giɓi kuwa na haƙori ne. Abin da ka ji bai shafe ta ba. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa, kafin ya kai salansa, shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyun da ke cusa iska cikin inji. Iska ta yi yawa, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Fankar nan tana wuce juyi 100,000 a minti. Da ka ɗaga ƙafa, ƙofar iska ta rufe, hayaƙi ya ragu, fanka ta rage gudu. Iskar da aka riga aka tara kuma akwai bawul da ke sakinta don kada ta koma ta daki fankar. A wasu motocin waje take fita, shi ne "fiiish" ɗin nan da samari ke so. A irin wadda ka tuƙa ciki ake mayar da ita. Kana sake takawa, dole ka jira fanka ta sake ɗaukar gudu.

Tsohon direba: Ku yara ne. Mu da muka ja manyan motoci masu turbo mun san shi. Ka ɗauko kaya ka zo Hawan Kibo, ka yi nawa wajen sauya giya, za ka ji mota ta sake maka jiki. Ku ce haki kawai.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma haki ai daɗewa yake yi, mota na fama tun gindin dutse har samansa. Wannan kuwa bai cika kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma lafiyayyar mota ma tana yinsa.

Malamar Hausa: Bayanin bakanike ya riga ya ba mu kalmar, bai dai lura ba. Ku leƙa maƙera. Yaro na zaune da zugazugi yana hura wa garwashi iska, ƙarfe ya yi ja. Ya tsaya ya gyara zama, garwashin ya dushe nan take. Ya ci gaba, sai ya ɗan zuga kafin wutar ta koma yadda take. Iskar da turbo ke cusawa zuga ce. Sai dai na ga abu biyu kuke haɗawa. In kana tafiya a hankali ka taka totur, ƙarfi ya yi jinkirin zuwa, wannan saiɓin zuga ne. In kuwa zugar tana nan ka yanke ta da kanka wajen sauya giya, ɗaukewar zuga ce, kamar yadda muke cewa ruwa ya ɗauke ko wuta ta ɗauke, muna jiran su dawo.

Tsohon direba: Malama, zuga ba ita ce ingiza mutum ya yi faɗa ba?

Malamar Hausa: Ita ce, Baba, kuma daga maƙerar aka aro ta. Wanda aka zuga ai hura shi aka yi har ya kama da wuta.

Mai tambaya: Rabewar nan ta warware mini rubutun. Tun 1905 Alfred Büchi, injiniya ɗan Suwizalan, ya yi rajistar dabarar turbo, kuma saiɓi ya daɗe yana binta. Porsche 911 Turbo ta 1975 da shi ta yi suna: ka taka ba komai, can sai ƙarfi ya zo gaba ɗaya, in a kan kwana ne bayan motar ya juya. Ɗaukewa kuwa maganinta daban. Chevrolet Cobalt SS ta 2008 an yi ta yadda direba zai sauya giya bai ɗaga ƙafa daga totur ba, kwamfutar motar ce ke riƙe juyin injin har ya saki kulochi. Volkswagen kuma a 2003 ta sa wa Golf R32 giya mai kulochi biyu, ɗaya na saki ɗaya na kamawa. Na karɓi duka biyun, Malama, na gode.

Bakanike: Ka rubuta haka, amma ka ƙara gargaɗi. Kada wani ya ji labarin Cobalt ya je ya gwada a motar da ba a yi ta don haka ba, kulochi da giya zai saya. Kuma in ka taka allura ta hau, mota ba ta ƙara gudu ba, ga ƙauri na tashi, kada ka zo kana ce mini ɗaukewar zuga. Kulochinka ne ya cinye.

Mai tambaya: Saura "fiiish" ɗin bawul, shi ma ba mu ba shi suna ba.

Tsohon direba: Wannan ai atishawa ce.