Jikka 5 gare ni, suna ran Juma'a

Maman Nana, Zariya

Salamu alaikum ƴan uwa. Aminiyata ta sauka ran Juma'ar da ta wuce, an samu mace, uwa da ɗiya suna lafiya. Haihuwar fari ce, tana wankan gida wajen iyayenta a unguwar Bagalam nan Maradi, suna kuma ran Juma'ar nan. Tun muna lakwal muke tare, benci ɗaya. Shekaranjiya da na je barka na ƙirga bahon wanka 3 a jingine bayan ƙofa, sabulu da omo kuwa kamar za a buɗe shago. Ba na son nawa ya ɓace cikin wannan tarin. So nake in kai abin da ko yarinyar ta girma za a ɗauko a ce mata, wannan Tantinki ce ta yi miki. Na yi tunanin tawul da sunanta a jiki. Jikka 5 gare ni, wato sefa dubu 5, in na matse cefane ta kai 6. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya faɗa mini yadda ta kaya.

Hajiya Umman Sadik, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki ba tela ko dala, wa ya faɗa miki sunan? Ni wannan wutar ta taɓa ƙona ni. Bara waccan aka yi wa ƙanen maigidana haihuwa. Matar da bakinta ta ce mini Fatima za a sa, sun gama magana da mijin tun cikin yana wata 7. Na sayi tawul babba mai laushi, na kai aka yi masa aiki da zare ruwan hoda har da ɗan fure a gefe, jikka 4 da rabi duka. Ran suna da safe maza sun taru a ƙofar gida, ana raba goro da dabino, sai tsohon gidan ya ja ɗansa gefe ya ce sunan mahaifiyarsa marigayiya yake so a mayar. Wa zai ce masa a'a? Liman ya raɗa Hadiza. Maroƙi na ta shela an samu Hadizatu, ni kuma ina tsakar gida da Fatima ƙunshe a leda, na rasa inda zan sa kaina. Tawul ɗin nan ya shekara a akwatina, sai da wata maƙwabciya ta haifi Fatima na rabu da shi.

Yanzu ga yadda nake yi. In sayi kayan, in kai wa tela tun saura kwana 2, in zaɓi zare, in biya rabi, in karɓi lambar wayarsa. Maza da sassafe suke raɗa suna, taron mata sai rana ta yi sanyi. Ana shafa fatiha in kira shi in faɗa masa. Kafin in gama kwalliya yaro ya je ya karɓo.

Inna ta Limanci

Ɗiyata, ko an raɗa, ki tsaya ki ji sunan wa anka mayar. Jikata ta fari sunana anka sa mata. Uwatta ba ta iya faɗinshi, ɗiyar fari ce kuma sunan uwar miji, kunya biyu ke nan. Wata abokiyar aikinta ta kawo ƴar riga da hula an rubuta sunan ɓaro-ɓaro a gaba. Yarinyar nan ta amsa ta yi godiya, amma ko sau guda ba ta sa mata ba. Da munka zauna daga baya ta ce, "Inna, ƙaƙa zan yi in goya sunanki in hita titi, in kuma ta yi tumbuɗi bisa?" Ummi muke kiranta har yau, ga ta aji 3. Da Ummi anka rubuta da rigar ta tsufa a jikinta.

Maman Nana, Zariya

Inna, wallahi ban kawo wannan ba. Kuma uwar mijin tana nan da ranta, ita ke juya gidan. Akwai alamar ita za a mayar.

Mai keken aiki, babbar kasuwa

Hajiya, wannan sana'ata ce, bari in sa baki. Abin da ya fi haɗa mu faɗa da mata ba kuɗi ba ne, rubutu ne. Mace za ta kira ta ce A'isha. To wace? Wanda ya yi lakwal a nan Aïchatou zai rubuta, dangin da suka zo daga Katsina ko Jibiya Aisha suka sani. Haka Ousmane da Usman, haka Mahamadou da Muhammadu. Na taɓa yin tawul 2 da majanyi da rubutun Hausa, uban yaron malamin lakwal ne, ya ce shi ba haka ya rubuta a takarda ba. Na kwana ina warware zare da reza. Tun daga ranar ba na karɓar suna da baki, sai a turo mini a rubuce, kuma daga hannun uban ko uwar.

Sunan da ke ɗauke da sunan Allah, irin su Abdurrahman ko Amatullahi, ba na ɗora shi a zanen goyo ko abin shimfiɗa, kowa ya san makomarsu. Sai dai harafin farko, ko laƙabi.

Kada ki yarda a yi miki aiki a ƙirjin rigar jariri. Bayan aikin yana da ƙulle-ƙullen zare, yana kartar fata. Bakin tawul ko gefen majanyi ya fi. Rubutun nan da ake mannawa da zafi ya fi arha, amma kayan jariri kullum cikin ruwan zafi suke, wanki kaɗan sai ki ga haruffa na ɓantarewa. Ni suna ɗaya dala 100 nake yi, mai fure jikka. Sai dai ki tuna Juma'a ranar kasuwa ce a nan, ga masallaci. In bai fita hannuna kafin 12 ba, sai bayan an sauko.

Baban Halifa, Ali Ɗan Sofo

Ku yi haƙuri in shigo maganar mata. Ni ban ga kyautar da ta kai akuya ba, kuma ba a rubuta mata komai amma kowa ya san mai ita.

Lokacin da yayarmu ta haifi ɗanta na biyu, mu 4 ƴan ɗaki ɗaya muka haɗa jikka biyar-biyar, irin kuɗin da ke hannunki yanzu. Na je da kawunmu wanda ya san dabba, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya shafa gashi, ya duba hantsa, muka sayo budurwar jar akuya. Ja sosai, babu ɗigon fari ko ɗaya, don ya ce wadda ta gauraya ba ta kai ta daraja ba. Ran suna muka ɗaura mata jan zare a wuya muka shiga da ita tsakar gida, mata suka yi ta guɗa, mai jego har da hawayenta. Washegari aka kai ta ƙauye wajen Tibiri, hannun kakar yaron.

Mu ƴan Maradi muna raina abinmu. Wannan akuyar da sunan garinmu aka san ta a duniya, saboda ita aka kafa cibiyar kiwon awaki a nan tun 1963, fatarta kuwa tun tuni ake fita da ita ƙasar Turawa. Cikinta wata 5 ne, kuma tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta. Tamu haihuwar farko ɗaya ta yi, ta biyu tagwaye. Da yaron zai shiga lakwal bunsuru guda aka sayar aka yi masa kaya da jaka da takalmi. Yanzu duk hutu sai ya ce a kai shi ya ga awakinsa, yana ƙirga su da yatsa, in ɗaya ta ɓace masa a ƙirga kuka ne. Kakar ma ta samu na kunu, don ita ke tatsa.

Ke kaɗai jikka 5 ba ta kai ki ba. Amma ba ku da sauran ƴan benci?

Rabi ta Burja

Baban Halifa, ku kun yi sa'a kuna da kaka a ƙauye. Mu ma an yi wa ɗiyata wannan gatan, gidan haya muke mu 5. Sati bai cika ba ta cinye zogalen maƙwabciyata, ta tauna mayafin wata a kan igiya. Rani ya shigo, kuɗin harawa da dusa ya fi na sabulun jaririyar. Rannan na dawo daga likita na tarar da turke babu kowa. Maigidana ya ce aro ya yi, zai mayar mata da biyu. Yarinyar nan yanzu tana yi wa ƙanenta wasa, har yau muna jiran biyun.

Baban Halifa, Ali Ɗan Sofo

Hajiya Rabi, shi ya sa muka kai ta inda hannun uban ba ya kaiwa.

Uwar biki, Mokoyo

Duk kun yi magana, ba wanda ya tambayi abu mafi girma. Maman Nana, ran sunan Nana me aminiyar taki ta kawo miki? Ni nake riƙe littafi a sunan danginmu, duk abin da ya shigo sai na rubuta: wance jikka 2, wance turmi, wance sabulu sanda 5. Da wannan littafin mai jego za ta rama wa kowa ran nasa bikin, kuma kin san a nan ba a mayar da daidai, sai an ɗora. In ta kawo miki jikka 1 kika zo mata da tawul kawai, ko da zinariya aka rubuta sunan, tsofaffin da ke zaune kan tabarma cewa za su yi ba ki rama biki ba. Na ga zumuncin shekara da shekaru ya yi sanyi a kan kofi mai hoto. Mai kofin ta kashe kuɗi fiye da abin da ake bin ta, amma ni da ke rubutu ban san a wane layi zan sa shi ba, uwar mai jego kuwa ta juya shi ta ce, "Wannan na mene ne?"

Ki raba kuɗinki biyu. Na biki ki miƙa a gaban mutane a rubuta. Na ƙauna ki ba ta a ɗaki.

Maman Nana, Zariya

Jikka 1 da sabulu ta kawo, lokacin ba ta yi aure ba. Ke nan in cire 2, saura 3 ko 4.

Tanti ungozoma, Ɗan Gulbi

Ya isa har ki yi canji. Ɗiyata, zo ki zauna wajen awo yini ɗaya ki ga karnen yara, ɗan littafin nan na lafiyarsu. Wani mai ya jiƙa shi, wani ɓera ya ci gefe, wani an naɗe shi cikin ledar burodi, wani uwar ta ce ruwan damina ya tafi da shi. Alhali da shi za ta yi ta zarya: allurar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, ga awo. Jikana da aka haifa bana, baduku na samu ya ɗinka mini ƴar jakar fata daidai karne, aljihu biyu, da maɓalli da igiyar ratayawa, ya buga ranar haihuwa da harafin sunan a murfin. Jikka 2 da rabi. Aljihu na biyun na takardar haihuwa ne, kuma da na miƙa na ce wa uban kada ya dawo mini da shi wayam, don doka kwana 60 ta bayar a yi rajista, in ya wuce sai an bi ta wajen alƙali. Ku je da karne na gaske baduku ya auna, kada ya yi da ido. Na farko da ya yi mini ya matse, sai an lanƙwasa.

Abin da nake roƙo kada kowa ya kai shi ne bulumboti, komai kyan zanen da ke jiki. Wata 6 nono zalla muke faɗa kullum, ku kuma ku kawo abin da ke rushe mana aiki.

Zuwaira, Sura Bildi

Ni awarwaron azurfa na yi wa ɗiyar yayata da harafi a jiki. Wata 2 ya matse hannun, kuma ya fara kore, ashe ba azurfar kirki ba ce. In za ki yi, ki nemi maƙeri wanda wani naki ya sani, ki ce mai buɗaɗɗen baki da ake ƙarawa. Hoto kuma ki tambaya tukuna, yayata ba ta yarda a buga fuskar jariri a komai ba, tsoron baki take.

Inna ta Limanci

Ku dai kuna ta jaririya, ita ba ta san ana suna ba. Mai jego ita ta sha wuya. Ki daka mata yaji da hannunki, citta da kanumfari da masoro da kimba, ki zuba cikin kwalba mai marufi. Duk kunun da ta sha cikin arba'in ɗin nan sai ta tuna ki.

Maman Nana, Zariya

Na dawo, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Inna, zancenki ya fito, sunan uwar mijin aka mayar, kuma tun kafin azahar gwaggwanni sun rabu biyu, wasu na cewa Walida wasu na cewa Mimi. Allah Ya sa ban taɓa tawul ba. Jikka 2 na miƙa aka rubuta. Jakar karnen na yi, baduku ya buga ranar haihuwa kawai, ya bar fili a sama, ya ce in laƙabi ya zauna in mayar masa ya ƙarasa ba sai na ƙara ko dala ba. Yajin kuma daren Alhamis na daka shi, Nana na ta atishawa har ta gudu ɗakin maƙwabta. Da na ba aminiyata a ɗaki, jakar ta fara shinshinawa ta ce warin fata, ta yi dariya, ta jawo karnen daga ƙarƙashin katifa ta sa a ciki. Ya shiga daidai.

Baban Halifa, ƴan bencinmu 3 sun zo, na ba su labarin akuyarku. Mun ce sai ran arba'in. Kawun naku yana karɓar waya?