Malaman kimiyya, wa ya taɓa sa ɗalibai ƙera wani abu a aji? Yaya ta kaya?

Malamin Fiziks, Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Zangon da ya wuce na raba 'yan SS2 rukuni shida, na ce su haɗa abin da zai adana tumatir ba lantarki. Tukunya cikin tukunya ke nan, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex da ita a 2000: jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tsumma a baki. Wani rukuni suka yi ƙyuya, suka sa bokitin roba a madadin tukunyar waje. Nasu tumatir ne ya fara ruɓewa. Na yi gum. Wata yarinya ta shafa tukunyar ƙasa ta ji danshi, ta shafa robar ta ji ƙamas, ta ce, "Malam, ai ruwan ba shi da hanyar fita." Shekara nawa ina rubuta a allo cewa ruwa in zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi, bai taɓa zama ba sai ran nan.

Malamar Kemistiri, Katsina: Mu matatar ruwa muka yi: gorar roba, tsakuwa, yashi, gawayi. Ruwan kududdufi ya fito garau, kafin in juya yaro ya kai baki! Da ƙyar na riƙe hannunsa. Laifina ne, ban fara da cewa tacewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta ba.

Wani malami, Kano: Allah ya ba ku lada, amma a faɗi gaskiya. Ajina ya haura mutum 80, darasi minti 40, kuɗin kaya daga aljihuna. Kuma WAEC ba ta tambayar tukunya.

Malamin Fiziks: Haka ne Malam, amma tana tambayar dalilin sanyin. Mu da yamma muke yi, a kulob ɗin JETS, ƙungiyar ɗalibai ta kimiyya da fasaha. Sai dai kada a gwada da damina, iska cike take da laima, tukunyar ba ta sanyi sosai.

Sabuwar malama, Bauci: Nawa sun jona ƙwan LED kai tsaye da batir mai bolt 9, guda huɗu suka ƙone nan take. Yanzu da kansu suke neman dokar Ohm, wadda ake lissafa yawan lantarkin da zai bi waya da ita. Yaya kuke ba da maki in mutum ɗaya ne ya yi wa rukuni aiki?