Na ga zane a mazaunin harsashin sabuwar bindigata, in mayar ko in riƙe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Daga Aboabo nake, nan Kumasi. Na sayi bindiga mai cin harsashin .22 a wajen wani dila mai lasisi, takarduna na 'yan sanda sun cika. Jiya ina goge ta na haska tocila ta gindin bututun, daidai inda harsashi ke zama, sai na ga zane-zane kamar zobba a jikin ƙarfen. Na harba guda 10, kwanso 2 sun ɗan cije wajen fita. Wani abokina ya ce in kai Suame Magazine, unguwar makanikai, a goge mini da sanfefa. Shin wannan zai ɓata saiti?

Tsohon soja, Asawase:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bari sanfefa ta shiga wurin nan. Zobban sawun ƙarfen da aka huda ramin da shi ne a masana'anta, kuma bindigogi masu araha da yawa haka suke zuwa. In an harba, kwanso yakan kumbura ya manne da bangon ramin, sannan ya ɗan saki. Shi ya sa kwanson ne zai gaya maka gaskiya. Ɗauko waɗanda ka harba ka duba a rana. In zanen ya fito a ido kawai, farce ba ya kama shi, ba komai. In ka ga kumburi ko tsagewa, ajiye ta, kar ka ƙara ko guda. Saiti kuwa ya fi dogara ga layukan cikin bututu da bakinsa inda harsashi ke fita. Ƙwarzane kaɗan a bakin ya fi zobba goma ɓarna.

Makanike, Suame:
Kawu ya faɗi gaskiya. Mu aikinmu mota ne. Ƙarfen da ka ci ba ya dawowa, ramin in ya yi faɗi kwanso zai riƙa fashewa kusa da fuskarka.

Maharbi, Ejura:
Malam, kana danna kunama ba harsashi a ciki? A irin .22 allurar da ke tayar da harsashi tana bugun gefen kwanso ne, in babu shi sai ta daki bakin ramin ta tayar da ɗan ƙarfe. Tawa haka ta yi, na yi wata guda ina zagin masana'anta. Ka kuma wanke da kyau, harsashin nan yana barin maiƙo da baƙin hayaƙi.

Mai tambaya:
Wallahi na danna ta babu harsashi, ya fi sau ashirin, ina gwadawa a ɗaki.

Tsohon soja, Asawase:
To ga shi nan. Kai wa dilan bindigar tare da kwanson biyu da rasit, mai gyaran bindiga mai izini ya duba. Ba gaggawa, an rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, kana da lokaci.