Shawarwarin iyaye 'yan sa-kai

Iyayen da ke taimaka wa wasu iyalai a matsayin 'yan sa-kai sun tattauna, kuma abin da suka fi nanatawa shi ne sauraro. Uwar da jariri ya hana ta barci ba wa'azi take nema ba, sai mai jin kukanta, ya riƙe mata yaron ta samu ta watsa ruwa. Sun ce a riƙe amana, sirrin gida kada ya fita, sai fa in yaro na cikin haɗari. Nan dole a sanar da mai kula da shirin. Batun magani kuwa a bar wa likita. Kan ba da lambar waya ra'ayi ya rabu. A ganina gara a tsayar da lokacin kira da na ziyara tun farko.