Maikurofilastik: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalma da ta hana ni sakat. Turawa na cewa maikurofilastik, suna nufin gutsattsarin roba da girmansa bai kai milimita 5 ba, wato rabin santimita a jikin rula, har zuwa wanda ido ba ya iya gani. Richard Thompson, masanin halittun teku a Jami'ar Plymouth ta Ingila, shi ya yaɗa sunan a 2004 cikin mujallar Science. Mu kuwa har yau kowa da yadda yake kiransa.

Wanda na fi cin karo da shi shi ne "ƙananan robobi", kuma gaskiya bai kwanta mini ba. Ka faɗa wa Bahaushe haka, 'yan kofuna da ƙananan mazubai ne za su zo masa a rai, abin da za a wanke a kife. Ma'anar ta ɓace tun a bakin ƙofa.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san yadda aka haife shi. Ku tuna tsohon bokitin da ya shekara a rana. Launinsa ya koɗe, jikinsa ya yi kaushi, ka danna bakinsa da babban yatsa sai ka ji ƙas, ya ɓalle. Ka shafa shi, wani fari-farin abu ya maƙale maka a yatsa. Hasken rana da zafi da iska ne suka tsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da suka riƙe robar. Ba ruɓewa ta yi ba kamar ganye ko takarda. Farfashewa take yi, babba ya zama ƙarami, ƙarami ya ƙara ƙanƙancewa, amma kowane gutsure roba ne har yanzu.

A manyan jujin da ake binne shara, abin ya ɗan bambanta. Robar da ke sama rana ce ke cin ta. Wadda aka binne ba ta ganin rana, shi ya sa take daɗewa ƙwarai, amma ba ta tsira ba. Motocin danne shara suna murƙushe ta, nauyin abin da aka jibga a kanta yana matse ta, ga zafin da ruɓewar sauran shara ke haifarwa a ciki. Shekara da shekaru tana marmashewa. Idan ruwan sama ya ratsa jujin, baƙin ruwan nan mai wari da ke tsatsowa ta ƙasa sai ya kwashi gutsattsarin, in ba a tare shi da kyau ba ya kai su cikin ƙasa da rafuka. Abin ba kaɗan ba ne. Binciken Roland Geyer da abokan aikinsa na 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta tara sharar roba tan miliyan 6,300, kashi 9 cikin ɗari kacal aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, kashi 79 kuma yana juji ko yashe a sarari.

To, wace kalma ce ke ɗauke da wannan labarin?

Wani malamina ya ce "garin roba". Allah ya ƙara wa malam lafiya, kalmar tana da daɗin faɗa, amma gari abu ne da aka niƙa da gangan, ya yi laushi bai ɗaya. Wannan kuwa wani ɓalli ne, wani zare, wani falle kamar ɓawo. "Ƙurar roba" ta fi dacewa da mafi ƙanƙantarsu, masu bin iska. "Ƙwayoyin roba" kuma hankali zai tafi ga magani.

Ni dai zuciyata ta tsaya kan "burbushin roba". Duk wanda ya ji burbushi ya san daga jikin wani babban abu ya fito, ya kuma san abin ya watse, tsince shi sai an sha wuya. Wannan shi ne ainihin halin abin. "Ɓarɓashi" ma ɗan'uwansa ne, in wani ya fi son sa ba zan yi musu ba.

Akwai gyara guda da na yarda da shi. Ba dukkansu ne suka faro daga babba ba. Wasu a ƙanana ake ƙera su, kamar 'yan dunƙulen da masana'antu ke narkarwa su yi kaya, da waɗanda ake sa wa a sabulun goge fuska, irin da Amurka ta haramta da doka a 2015. Waɗannan sai mu ce musu "tsabar roba", burbushi ya zama sunan gidan gaba ɗaya.

Na gwada ta a jimla don in ji nauyinta a baki: "A 2022 masu bincike a Amsterdam sun gano burbushin roba a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada." Na karanta wa wata dattijuwa da ba ta taɓa jin kalmar Turancin ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, a cikin jini fa ka ce?" Ba ta tambaye ni mene ne burbushin roba ba.

Inda na maƙale yanzu shi ne leda. A bakinmu leda daban, roba daban, alhali a juji leda na cikin waɗanda suka fi saurin yagewa su marmashe. Shin "roba" za ta ɗauke ta, ko sai mun riƙa cewa burbushin roba da leda? Masana harshe, ina sauraronku.