Ƙanena ya dawo daga Pakistan, yanzu kowa Bature ne a idonsa

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya yi shekara huɗu yana karatu a Islamabad, ya dawo Kumasi bayan ƙaramar salla. Tun ranar ba ya sa komai sai doguwar riga da wando mai faɗi irin nasu, shalwar kamis. Wannan bai dame ni ba. Amma jiya yana shan koko 'yata ta gaishe shi da Turanci, sai ya dire kofi ya ce mun sayar da gida, wai a Pakistan ba a haka. Ni kuwa mutumin Pakistan ɗin da nake sarin kayan waya a shagonsa a Adum, da Turanci na ji yana yi wa ɗansa faɗa. Waɗanda suka zauna can, ina gaskiyar take?

Malam na Sawaba:
Wa alaikumus salam. Ƙanenka ɗakin kwanan ɗalibai ya sani, bai shiga gidajen masu kuɗi ba. Na yi wata huɗu da 'yan tablig, daga Raiwind muka zaga har Karachi. Rigimar harshe a can ta fi tamu zafi. Tsarin mulkinsu na 1973 ya ce cikin shekara 15 Urdu ya karɓe aikin ofis daga hannun Turanci. Shiru kake ji. Sai da kotun ƙoli ta sake ba da umarni a 2015, amma har yau mai neman babban aikin gwamnati sai da Turanci. Urdun ma ba shi yawancinsu suka sha a nono ba, masu Panjabi sun fi yawa, kuma a Lahore na ga iyaye na kauce wa Panjabi in suna magana da 'ya'yansu, kamar yadda yaranmu ke gudun Hausa su kama Tuwi. Yaron da ya yi makarantar kuɗi, Urdunsa ya karye, "baga" suke ce masa, wato mai cin burodin Amurka da nama a tsakiya. Dariya ta kama ni, na ce mu "boga" wanda ya dawo daga Hambog ta Jamus ne.

Hajiya mai lalle, Asawase:
Malam ya faɗi gaskiya. A 2017 kotu a Islamabad ta hana bikin ranar masoya a fili, wai al'adar Turawa ce. To wasan kurket fa, wa ya bar musu? Ba Ingila ba? 'Yan Pakistan sun ci kofin duniya a 1992, ban ji wanda ya ƙi murna ba. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Amaren Zango yanzu waya suke miƙo min, zanen amaren Pakistan har gwiwar hannu. Lallen zunguru na iyayenmu, rabon da a nema har na manta. Ɗana, tambayi ƙanenka ina ya ajiye babbar rigar babanku.

Ɗan Aboabo:
Hajiya, na karanta masa. Ya ce shalwar ya fi sauƙin wanki, sannan ya tambaya ko akwai sauran ƙosai.