Taƙaitawa: Horar da malaman da ke koyarwa a gidan kaso

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawararmu kan malaman gidan kaso a nan Damagaram.

1. Baki ya zo ɗaya cewa horon makarantar malamai ta Askia Mohamed na koyar da yara ne. Koyar da magidanci mai furfura baƙi da wasali wani abu ne dabam, in ka tsawata masa gaban aji gobe ba zai zo ba. A ƙara wa malam dabarun yaƙi da jahilci.

2. Ɗalibi na iya ɓacewa tsakiyar shekara, an sake shi ko an canza masa gidan kaso, musamman masu jiran shari'a. Saboda haka kowane darasi ya tsaya da ƙafarsa.

3. Malam ya san dokokin gidan daga bakin masu gadi, kar ya yarda a ba shi saƙo ya fita da shi.

4. An tuna Dokokin Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, da suka wajabta karatun fursunoni matasa da waɗanda ba su iya karatu ba.

Harshen koyarwa ne ya raba kawuna. Wasu sun ce Faransanci, saboda jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, wasu sun ce a fara da Hausa, har da ajami tunda da yawa sun yi allo. Ni dai ina bayan na biyun.